Dashen Kawu Bai Ga Ruwan Farko Ba

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Ya rasu ana shirin ɗaukar azumi, bayan 'yar gajeriyar jinya da ba wanda ya ɗauke ta da nauyi, har shi kansa. Ƙanin mahaifiyata ne. In ka taɓa zuwa bayan Laranto, a nan Jos, sayen dashen fiya ko mangwaro mai aure, ka tarar da wani dogon dattijo mai karkatacciyar hula da ƙasa cike da farce, wanda sai ya gama yi maka tambayoyi kamar alƙali kafin ya karɓi kuɗinka, to shi ne.

Zaman makokinsa ya toshe layinmu a Anguwan Rogo, masu keke sai sun zagaya ta baya. Ban san Kawu yana da mutane haka ba. Matan da ke sayar da fiya a kasuwar Kwararafa sun zo a ayari, suka durƙusa suka yi gaisuwa, ɗaya daga cikinsu ta ce, "Yanzu kuma wa zai riƙa kwashe mana ƙwallon fiya?" Sai ta kama baki, ta ga kamar ta yi ɓaranɓarama, alhali duk cikin masu magana ba wanda ya kai ta faɗin gaskiya. Wani fasto ya zo daga ƙauye da ƙura har gwiwa, ya ce lemon da ke bayan cocinsu duk hannun Kawu ne. Maƙwabcinsa na lambu, mutumin kudu mai sayar da fulawa, wato furannin ado, wanda Kawu ke kira Oga Fulawa, ya zauna can gefen tabarma da takalmansa a hammata, ya fashe da kuka mai ƙarfi har sai da liman ya dakata da addu'a. Kowa ya buɗe baki magana ɗaya ce: bawan Allah ya bar sadaka mai gudana. Mu dangi muna gyaɗa kai, muna karɓar yabo kamar da mu aka yi wahalar.

Abin da ba wanda ya ambata a kan tabarmar nan, har ni, shi ne Kawu ya bar lambu cike da dashe a cikin leda, a tsakiyar rani, kuma dashen nan su ne duk abin da ya bar wa matarsa da 'ya'yansa mata uku. Gidan haya yake, filin lambun ma haya ne. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, amma ba yadda zan yi in ba da labarin Kawu in tsallake abin da muka yi wa lambunsa. Kunya nake ji, kuma gara in faɗa tun yanzu.

Kawu mutum ne da ba ya iya ganin ƙwallo a ƙasa ya wuce. Aljihun babbar rigarsa kullum a kumbure yake, in ka rungume shi sai wani abu ya toke ka a haƙarƙari. Ranar walimar aurena, lokacin mangwaro ne, an kawo shi a daro an raba wa baƙi. Ina zaune cikin abokai ana ta ɗaukar hoto, sai na hango Kawu da buhu yana bin layin surukaina, yana sunkuyawa a gaban kowa yana tsince abin da suka tsotse suka yar. Na lallaɓa na kama hannun rigarsa.

"Kawu, don girman Allah. Surukaina ne fa."

"To surukan naka ba su sha mangwaro ba ne?" Ya ɗaga ƙwallo ɗaya yana ɗigar da ruwa, ya juya shi a gaban hancina. "Wannan da kake ƙyama, baɗi kuɗin makarantar ƙanwarka ne. Koma ka yi angwancinka."

Har yau a gidan surukaina in za a kwatanta shi sai a ce kawun nan naka mai buhu.

Ni tela ne. Akwai shekarar da ɗinki ya yi mini kyau, na ga 'yan kuɗi a hannuna, sai zuciya ta fara raya mini in shiga sana'ar Kawu. Na ga yadda ake layi a ƙofar lambunsa da damina, na ga abin da ake biya kan ɗan tsiron da bai kai gwiwata ba, na ce ai wannan tsintar kuɗi ne. Da na faɗa masa bai yi dariya ba. Ya miƙo mini butar ban-ruwa ya ce in biyo shi, muka bi layi-layi yana magana ina zuba ruwa.

"Leda saye nake. Ƙasar da ke ciki, tifa ce ta kawo ta, ba kyauta ba. Kashin kaji saye nake, kuma masu dankali sun sa ya yi tsada. Mai filin nan ba ruwansa da an yi ciniki ko ba a yi ba. Injin nan fetur yake sha, kai ma ka san abin da fetur ya zama. In ƙwallo ya tsiro sai in jira ya yi kauri, sannan a yanko reshen uwa mai kyau a ɗaura masa, shi ne auren da kake ji ana faɗa. Wani ya kama, wani ya ƙi. Wanda ya ƙi ya ci ledata da takina da ruwana a banza. Wanda ya kama kuma sai na rene shi har damina ta zagayo."

Na ce, "To riba fa, Kawu?"

"Akwai ta, kada in yi wa Allah butulci. Amma duk shekara zubawa nake, ɗiba kuwa daga saukar ruwan farko ne zuwa ɗan abin da ya biyo baya. Wanda zai dasa bishiya a lokacin yake dasawa. Kai ka ɗinka riga yau a biya ka gobe, in mai ita bai zo ba ka rataye ta, ba ta neman ruwa. Za ka iya zuwa nan kowace safiya, har ranar Sallah?"

Kafin mu kai ƙarshen layin kashu kafaɗata ta riƙe. Na ajiye butar na ce zan yi shawara, kuma har ya bar duniya ina cikin shawarar.

Shekarar da ta yi kyau, da kuɗin fiya ya aurar da babbar 'yarsa, da kuɗin lemo da tuffa ya riƙe sauran biyun a makaranta. Shekarar da ta ƙi kuwa, wasu mutane masu manyan motoci suka zo suka ce ya tanadar musu kashu mai yawa za a raba wa manoma. Ya tanada, ba su dawo ba. Saiwa ta fasa leda ta kama ƙasa, dashen ya wuce sayarwa, ya yi ta rabawa kyauta ga duk wanda zai zo da diga ya tono. Ya taɓa gwada wata bishiyar gyaɗar Turawa, makadamiya, don ya ji an ce sanyin Jos ya dace da ita. Mutane su zo su tambayi shekara nawa take yi kafin ta haihu, ya faɗa musu gaskiya, su ce a ba su gwaiba. Wannan asarar shi ya jawo wa kansa, kuma in an tsokane shi da ita yakan ce ai bai mutu ba tukuna, masu saye suna hanya.

Gaskiyar nan tasa ita ce babban abin da ke haɗa shi faɗa da matarsa, wadda muke kira Inna. Inna ba matar zaman gida ba ce kawai. Ita ke haɗa ƙasa da taki, ita ke cika leda, kuma tun da idon Kawu ya fara rauni ita ke ɗaura aure, hannunta ma ya fi nasa sa'a, shi da kansa yake faɗa in ba ta kusa. Wata rana da rani ina wurin, wani mutum ya zo da mota yana son dashen tuffa da yawa, kuɗi a hannu. Kawu ya tambaye shi ko yana da rijiya a gonar. Ya ce babu. Akwai rafi kusa? Babu. Kawu ya ce ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya dawo in ruwa ya sauka. Mutumin ya tafi yana ƙunƙuni, Inna ta jefar da ledar da ke hannunta.

"Malam, garin tuwo ya ƙare a gida, ka sani?"

"Na sani. To in sayar masa ya je ya kashe su?"

"In ya kashe ai nasa ya kashe."

"Kafin su zama nasa nawa ne."

Ranar ba ta ƙara yi masa magana ba, amma da damina mutumin ya dawo, kuma bai sake sayen dashe a wurin kowa ba.

Faɗansa da Oga Fulawa kuwa a kan ruwa ne. Lambunansu biyu shingen waya ne ya raba su, kuma tsohon kududdufi ɗaya suke ja, irin waɗanda masu haƙar kuza suka bari tun zamanin da kakanmu ya zo garin nan. Da rani ruwan ya ja baya, sai kowa ya kasa kunne yana sauraron injin ɗan'uwansa. Kawu ya ce ana shanye ruwan Allah a kan abin da ba a ci. Oga Fulawa ya leƙo ta waya ya ce, "Baba, fulawa na yana fita kowane rana. Kai kana zauna kana jira ruwan sama kamar mai jira albashi." Akwai ranin da suka yi ba sa ko gaisawa. Amma shekarar da gari ya rikice, Oga Fulawa ya kwashi iyalinsa ya tafi garinsu, Kawu ne ya riƙa tsallaka waya yana shayar da abin da ba a cin har mai shi ya dawo. Da ya dawo yana ta godiya har da hawaye, sai Kawu ya ce godiya daban, kuɗin fetur daban. A nan aka buɗe sabon faɗa.

Wannan shi ne mutumin da muka binne. Ga abin da muka yi bayansa.

Da aka yi sadakar uku, Kawu Babba ya tara mu. Shi ne yayan Kawu da mahaifiyata, dattijo mai tsoron Allah, amma yana tsoron bakin mutane kusan haka. Tun da Kawu bai bar ɗa namiji ba, bayan an fitar wa Inna da 'yan matan nasu, Kawu Babba da mahaifiyata suna da rabo a abin da ya rage. Wannan shi ya hana shi sukuni. Ya ce ya ga yadda ake zagin 'yan'uwan mamaci a garin nan, shi ba za a ce ya ci dukiyar marayu ba, ko ganye ɗaya ba za a taɓa ba sai ranar rabon gado. Ya sayi sabon kwaɗo ya garƙame ƙofar lambu. Ya sa aka ɗauko injin ban-ruwa aka ajiye a ɗakinsa don kada a sace. Ya ce duk ranar da za a buɗe, sai da shi da shaidu biyu waɗanda ba magada ba. Muka ce madalla, wannan shi ne adalci. Wani daga baya ya ce, "Ruwa fa?" Kawu Babba ya ce za a tsara.

Inna ta shiga takaba. Ta aiko cewa tana so ta riƙa fita da safe ta ba da ruwa ta dawo. Malamin unguwa da aka tambaya ya ce in akwai lalura babu laifi ta fita da rana. Manyan matan gida suka ce miji bai yi sanyi a kabari ba a ga mace a bakin kududdufi da tiyo, me za a ce da mu? Maganar malam ta bi iska, tasu ta zauna.

Da farko an je. An ɗora injin a keke, an samo shaidu, an ba da ruwa, an mayar da injin. Sai maganar fetur ta taso. In Kawu Babba ya saya da kuɗinsa, kyauta ce ko bashi ne a kan gado? In bashi ne, za a ce ya fara gina wa kansa hanya. In an ɗiba daga abin da aka tara na gaisuwa, wannan kuma haƙƙin marayu ne. Ana cikin wannan aka ɗauki azumi. Haɗa dattijo mai ciwon gwiwa da shaidu biyu da mai keke a safiyar azumi, a zafin nan, ya zama aiki. Yau wannan yana da uzuri, gobe wancan.

Ni kuwa ɗinkin Sallah ya rufe ni, ko ɗaga kai ba na yi. In na je gaida Inna, tana zaune a kan tabarma da carbi, abin da take fara tambaya ke nan: "Ana ba su ruwa?" In ce, "Kawu Babba yana kula, Inna." Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, don ban je na duba ba. Daga shagona zuwa lambun keke ɗaya ne.

Azumi ya raba tsakiya sai ga Oga Fulawa a ƙofar shagona. Bai zauna ba.

"Oga tela, abin Baba yana mutu. Ka ji? Yana mutu."

Na ce ai ana zuwa.

"Wane ana zuwa? Ni ina wurin kowane rana, ban gani kowa ba. Ku ba ni makulli, ni zan sa fetur na, ban so komai. Bishiya bai sani an yi mutuwa ba, ruwa kawai yana so."

Na ba shi haƙuri, na ce zan yi magana. Na kuwa yi. Kawu Babba ya ce a ba baƙo makullin dukiyar marayu, in wani abu ya ɓace wa zai rantse? Na ce to a ba ni. Da mahaifiyata ta ji sai ta kira ni ta ce kada in kuskura in sa ƙafata a wurin, za a ce ta aike ni in ƙirgo mata rabonta tun ba a raba ba. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na ji daɗin maganar nan tata. Ta ba ni hujja, na koma kan keken ɗinkina da zuciya wasai.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, da la'asar, ruwan farko ya sauka. Ruwa mai ƙarfi, har da ƙanƙara. Washegari da sassafe Inna ta buga mini waya in zo. Na same ta da fara'a, tun rasuwar ban ga fuskarta haka ba, har ta manta carbin a gefe.

"Ka ji ruwan jiya? Yau za su fara zuwa. Ka je ka ce wa Yaya a buɗe, ciniki ai ba cin gado ba ne, a tara kuɗin a hannunsa. Fiyar da ke layin gabas ta faston nan ce, tun bara ya yi magana. Tuffa kada a rage ko sisi, bana ba kowa ke da ita ba. Lemon da auren bai gama kamawa ba na ware su kusa da rumfa, kada a sayar wa mutane."

A ranar nan samun shaidu bai yi wuya ba. Muna isa muka tarar da a-kori-kura tsaye a bakin ƙofa, mai ita yana jira tun da safe, bai ma ji an yi rasuwa ba. Kawu Babba ya buɗe kwaɗon.

Ƙasar ledojin a jiƙe take sharkaf da ruwan jiya. A cikin kowace leda kuwa busasshen kara ne a tsaye, da ɗaurin auren Inna a wuyansa. Ganyen fiya ya zube ya yi baƙi ya manne da laka. Na kama reshen tuffa ɗaya na ɗan lanƙwasa, ya karye ƙas. Layi bayan layi haka. Sai can jikin shingen waya aka ga kore, layi ɗaya da ɗan abin da ya ɗara, iyakar inda bakin tiyon Oga Fulawa ke kaiwa in ya ɗaga shi ta saman waya. Yana tsaye a ɓangarensa yana kallonmu, kuma da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Kawu Babba ya cire hula ya zauna a kan bulo. Ya daɗe yana duban lambun, sannan ya ce, "To, ba wanda zai ce mun ci." Bai rufe baki ba kuka ya ƙwace masa. Mai a-kori-kura ya yi mana ta'aziyya ya ja motarsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba shi inuwar da ta fi wadda ya dasa wa mutane, ya sa kada a nuna masa abin da muka gani ranar nan. Mu da ya bari, muna neman gafara.

Mu biyu muka koma wurin Inna. A soro Kawu Babba ya tsaya ya ce in fara shiga, na ce ai shi ne babba. A ƙarshe tare muka shiga muka durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, shi da gwiwarsa mai ciwo, a gaban matar ƙaninsa. Ni na faɗa. Ban ƙawata ba, ban rage ba.

Inna ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta dubi tafin hannunta, ta juya shi.

"Duka?"

"Sai layin jikin waya, Inna."

"Wa ya ba su ruwa?"

Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai. Kawu Babba ya fara cewa ta yafe masa, shi abin da ya guda ke nan, ta ce ya tashi don Allah, ba girmansa ba ne. Muka sunkuyar da kai muna jiran abin da ya cancance mu. Can ta ɗago ta dube ni.

"Gobe ku koma ku zazzage ƙasar wuri ɗaya, ku rufe ta kada ruwa ya wanke takin. Ledojin ku wanke ku shanya ku kawo mini nan. Ka gaya wa matan Kwararafa su ci gaba da tara ƙwallo, zan fara cikawa a tsakar gida kafin in fita daga takaba." Ta jawo carbinta. "Ku bi a hankali wajen zazzagewa, kada ku yaga. Ba ni da kuɗin sabuwa."